Firgici a Lokacin Masifa: Me Ke Samun Jiki da Hankali?

Darasinmu na wannan Juma'a ya shafi abin da kowannenmu ya taɓa gani ko ya ji labarinsa, tunda zaman Ikko muke yi: gobarar kasuwa, tankar mai da ta faɗi ta kama wuta, bene da ya rufta, 'yan fashi a hanyar tafiya gida, ko rikicin unguwa da ke tashi ba sallama. In ƙura ta lafa, akan bar mutum da tambayoyin da ba ya iya yi wa kowa. Me ya sa ƙafata ta ƙi ɗaguwa? Yaya aka yi na ruga na bar ƙanena? Me ya sa na kasa tuna abin da ya faru alhali a gabana aka yi? Wani yana ɗauke da waɗannan tambayoyi shekara da shekaru, muna cin kasuwa tare, muna tsayawa sahu ɗaya, ba mu sani ba.

To, tambayoyin nan suna da amsa, kuma amsar tana cikin yadda aka halicci jikin ɗan Adam. In mun san ta, za mu daina gori ga wanda abin ya sama, shi ma ya daina cin zuciyarsa, kuma mu fi iya taimakon juna ran da ta ɓaci.

Daren Oke-Afa

Dattawanmu da suka daɗe a garin nan ba za su manta da ranar Lahadi 27 ga Janairun 2002 ba. Da yammacin ranar wuta ta kai ga rumbun makamai na barikin soja da ke Ikeja, bama-bamai suka yi ta tashi, ƙasa tana girgiza, tagogi suna tarwatsewa a unguwanni masu nisa. Ba wanda ya san me ke faruwa. Wasu suka ce juyin mulki ne, wasu suka ce yaƙi ya zo. Dubban mutane suka bazu a tituna, ƙafa me na ci ban ba ki ba, duhu kuma ya fara shiga.

Wani ayari mai yawa ya nufi wajen Oke-Afa, inda babbar magudanar ruwa ta ratsa, wadda muke ce wa kanal. Ciyawar ruwa irin kainuwa ta rufe samanta, a cikin duhu sai ka ɗauka fili ne. Na gaba suka faɗa, na baya ba su gani ba, suka ci gaba da turowa. Mutum fiye da dubu suka rasu a wannan dare, mafi yawansu a cikin ruwan nan, da yawa kuma yara ne. Har yau akwai wurin tunawa da su a Oke-Afa. Allah Ya ji ƙan musulmin cikinsu, Ya ba iyalai haƙuri.

Abin lura shi ne, waɗanda suka halaka a ruwan sun riga sun yi nisa da wutar. Kuma mutane ne masu hankali kamar ni da kai, 'yan kasuwa, ma'aikata, iyaye mata riƙe da hannun 'ya'yansu. Tsoro ya ba su ƙarfin gudu, amma duhu da rashin sahihin labari da turereniyar jama'a suka hana su ganin inda suke jefa ƙafa. Don mu gane yadda hakan ke yiwuwa, sai mun leƙa cikin jiki.

Ƙararrawar da ke cikin kai

A can cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan sashe, ɗaya a dama ɗaya a hagu, girmansa bai wuce babbar ƙwayar gyaɗa ba. Likitoci suna kiransa amigdala. Aikinsa kamar na mai gadi ne. Da ido ko kunne ya kawo masa alamar haɗari, sai ya buga ƙararrawa tun kafin mutum ya gama tunani. Shi ya sa za ka ga ka yi tsalle ka kauce wa okada, sai daga baya ka ankara cewa okada ce.

In ƙararrawar ta tashi, wasu 'yan halittu biyu da ke zaune a kan ƙoda sai su sako sinadarin adirenalin cikin jini, daga baya wani mai suna kotisol ya biyo. Nan take zuciya ta hau dukan uku-uku, numfashi ya yi sauri, hanta ta sako suga don jiki ya samu ƙarfi. Jini ya janye daga ciki da fata ya koma manyan tsokoki na ƙafa da hannu. Daga nan ne bushewar baki ke zuwa, da sanyin tafin hannu, da murɗawar ciki, da karkarwa. Wani fitsari ko zawo zai kufce masa, babba da gemunsa. Wannan aikin jijiyoyi ne, ba ya neman izinin kowa. Wani likitan bincike na jami'ar Harvard a Amurka, Walter Cannon, shi ya yi bayanin wannan shiri na jiki tun a 1915, ya ce jiki yana shirin ɗayan biyu ne, ko faɗa ko gudu.

A daidai wannan lokaci, sashen ƙwaƙwalwa da ke bayan goshi, wanda da shi muke lissafi da auna magana da tsara abin yi, aikinsa yakan ja baya. Kun ga dalilin da ya sa ɗan canji da ke lissafa miliyoyi da ka zai kasa tuna lambar wayar matarsa, ko mutum ya yi ta tura ƙofar da kullum jawo ta yake yi.

Yadda mutane ke yi a lokacin

Na farko, ƙin yarda. Yawancinmu ba ma zabura da jin ƙarar farko. Sai mu ce taya ce ta fashe, ko janareto ne, ko hayaƙin shara ne. Mutum ya tsaya yana kallon maƙwabcinsa, shi ma maƙwabcin yana kallonsa, kowa yana jiran wani ya fara motsi. Wani ma sai ya tsaya kulle shago, ko ƙirga ciniki, ko ɗaukar hoto da waya. Hankali ne ke son ya ci gaba da abin da ya saba. Mintocin da ake ɓatawa a nan su suka fi tsada, musamman a gobara, domin hayaƙi yakan kashe mutum kafin wuta ta iso shi.

Na biyu, gudu. Hausawa sun ce in ka ga ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba. Mai gudun firgici ganinsa yakan tsuke, abin da ke gabansa kaɗai yake gani, kunnensa ya toshe, a yi ta kiran sunansa bai ji ba. Yakan nufi ƙofar da ya shigo ta ita ko da akwai wata kusa da shi, ko ya bi bayan jama'a kawai. Da yawa daga cikin masu cewa "na gudu na bar ɗan'uwana", in aka bi diddigi, ba su ma ga ɗan'uwan ba a wannan lokaci.

Na uku, faɗa. Wani tsoronsa fushi yake zama. Ya yi ta ihu, ya ture mai son taimakonsa, ko ya kutsa cikin wuta don ɗauko kaya. A lokacin rikici irin wannan zafin kai yana da haɗari ƙwarai, domin ji-ta-ji-ta guda ɗaya ta ishi matasa su far wa wanda bai ji ba bai gani ba.

Na huɗu, ƙamewa. Wannan shi mutane suka fi jin kunyarsa, kuma yana da yawa fiye da yadda muke zato. Mutum yana gani, yana ji, amma jiki ya sandare, murya ta ƙi fita. Ku tuna yadda kaza ke lafewa in an danne ta, ko zomo in hasken mota ya haske shi. Jiki yakan zaɓi wannan hanya in ya ga babu halin gudu babu halin faɗa. Wani masani ɗan Birtaniya, John Leach, da ya daɗe yana nazarin yadda mutane ke yi a haɗarurruka, ya ƙiyasta cewa kusan uku cikin huɗu ruɗewa suke yi su rasa abin yi, ɗaya ko biyu cikin goma ne hankalinsu ke zama daram. Wannan bayani yana da muhimmanci ga matan da aka ci zarafinsu. Sau da yawa ana tambayarsu don me ba su yi ihu ba, don me ba su yi kokawa ba. Ƙamewa sananniyar aba ce a irin wannan hali, kuma shirun da firgici ya jawo ba ya nufin yarda.

Na biyar, ɗimuwa. Wasu sukan ce abin ya zo musu kamar a mafarki, ko kamar suna gefe suna kallon kansu a fim. Lokaci ya ja, daƙiƙa goma ta zama kamar awa. Wani ƙarfe ya yanke shi, bai ji zafi ba sai da ya isa gida ya ga jini a riga, domin jiki yana da nasa sinadaran kashe zafi da yake sakowa a irin wannan hali. Wani kuma aka gaya masa rasuwar ɗansa, ko ɗigon hawaye babu, ya ci gaba da shara. Mutane su ce ba shi da tausayi, alhali hankalinsa ne ya rufe ƙofa don abin ya fi ƙarfinsa.

Sannan akwai batun tuni. Abin da aka gani cikin firgici ba ya zama a ƙwaƙwalwa a jere kamar labari. Guntu-guntu yake zama: warin roba mai ƙonewa, kalar wata riga, ƙarar wani abu, sauran kuma babu. Don haka in wanda abin ya sama ya ba da labari yau, gobe ya sake wani wuri, ko ya rikita abin da ya fara da abin da ya biyo, kada mu yi saurin cewa maƙaryaci ne. Masu sasanta rigima a unguwa da masu raka mutum ofishin 'yan sanda, ku riƙe wannan.

Kada kuma mu ɗauka cewa in masifa ta zo kowa ta kansa yake yi. Masu nazarin bala'o'i sun sha gano cewa yawancin mutane taimakon juna suke yi, har da wanda ba su sani ba. Mu ma shaida ne. In bene ya rufta a garin nan, 'yan dako da masu ruwa da 'yan okada ne ke fara tono da hannu kafin motocin agaji su iso.

Rashin tawakkali ne?

Wannan magana ita ta fi ci wa mutanenmu rai. Wanda ya firgita akan ce masa imaninsa ne da rauni, ko a ce mutanen ɓoye ne suka shafe shi. 'Yan'uwa, mu tuna ƙissar Annabi Musa, alaihis salam, lokacin da sandarsa ta zama macijiya. Ya juya da gudu, sai Ubangijinsa Ya kira shi Ya kwantar masa da hankali, kuma hakan bai rage masa daraja ba. Bugun zuciya da karkarwar gwiwa halitta ce, kamar yunwa da barci. Haƙuri da tawakkali suna da wurinsu babba, amma ba sa hana adirenalin zuba cikin jini. Wanda ya ce wa mai firgici "kai ba namiji ba ne", ya ƙara masa ciwo na biyu a kan na farko.

Kwanakin da ke biyo baya

Bayan an tsira, ƙararrawar nan ba ta yin shiru nan take. A kwanakin farko mutum yakan kasa barci, ko ya yi ta munanan mafarkai. Ƙofa ta buga ya zabura. Abinci ya fita ransa, ya riƙa saurin fushi da iyali, ya kasa tsayar da hankali a kan ciniki ko a cikin sallah. Hoton abin ya riƙa faɗo masa ba shiri. Ya ƙi bin titin da abin ya faru ko da zai yi zagaye mai nisa. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu: warin fetur, jiniyar mota, knockout ɗin yara a ƙarshen shekara, duk suna iya mayar da shi wancan ranar. Wani kuma zargin kai ne ke cin sa, yana cewa don me ni na rayu wane ya tafi.

Yara nasu daban ne. Wanda ya daina fitsarin kwance zai iya komawa, ya maƙale wa uwa, ya ƙi makaranta, ko ya yi ta kwaikwayon abin da ya gani a cikin wasa. Duka ba ya maganin wannan, ƙara shi yake yi.

Labari mai daɗi shi ne, ga mafi yawan mutane waɗannan alamu suna raguwa da kansu cikin 'yan makonni, in sun samu natsuwa da mutanen da suka damu da su. Amma in wata guda ya wuce abin yana nan ko yana ƙaruwa, har ya hana mutum neman abincinsa ko zama da iyali, to ya zama ciwon da likitoci ke kira PTSD a taƙaice, wato ciwon firgicin da ya ƙi wucewa. Tun 1980 aka sa shi cikin jerin cututtukan da likitocin ƙwaƙwalwa suka sani, kuma yana da magani, galibi ta hanyar zama da ƙwararre ana tattaunawa bisa tsari, wani lokaci a haɗa da ƙwaya. A nan kusa da mu akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Yaba, akwai LUTH a Idi-Araba da LASUTH a Ikeja, ga kuma asibitin Aro a Abeokuta. Zuwa can ba ya nufin mutum ya haukace. Ranar wanka ba a ɓoye cibi. In kuwa mutum ya fara maganar ya gaji da rayuwa ko yana son kashe kansa, ba a jiran wata guda, ranar za a kai shi, kuma kada a bar shi shi kaɗai.

Me za mu yi wa ɗan'uwa?

Yawancinmu a nan baƙi ne. Uwa tana Katsina ko Maraɗi, mata tana Sakkwato, mutum yana kwana a shago ko a gareji. In abu ya same shi, mu ne danginsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora a 2011 kan taimakon farko ga wanda ya shiga tashin hankali, ta dunƙule shi cikin abu uku: duba, saurara, sada.

Duba: shin wurin ya zama lafiya? Wa ya ji rauni? A lura da wanda ya yi tsit a gefe, domin hankali yakan tafi ga mai ihu a manta da shi. Wanda ya ƙame a wurin haɗari, a kira sunansa da ƙarfi, a ba shi umarni gajere guda ɗaya: "Tashi! Biyo ni!" Dogon bayani ba ya shiga kansa a lokacin. Ma'aikatan jirgin sama ma haka ake koya musu.

Saurara: in an fita daga haɗari, a zaunar da shi, a ba shi ruwa in ba shi da babban rauni, a yi masa magana a hankali. A ce ya ja numfashi ta hanci, ya sake shi sannu-sannu, fitarwar ta fi shaƙar tsawo, wannan yana rage gudun zuciya. In yana cikin ɗimuwa, a sa ya taka ƙasa da tafin ƙafa, ya faɗi abubuwan da yake gani a kusa da shi. In yana son magana a saurare shi, in ba ya so a ƙyale shi. Mu daina ɗabi'ar nan ta kowane mai zuwa jaje sai ya ce "wai yaya abin ya faru?", har mutum ya maimaita labarin sau talatin a yini.

Sada: a haɗa shi da iyalinsa a waya, a nema masa wurin kwana da abinci, a gaya masa gaskiyar abin da aka sani game da 'yan'uwansa ba tare da ƙari ko alkawarin ƙarya ba. Wanda kayansa suka ƙone, jarin da za a tara masa yana cikin maganin. A kuma ci gaba da leƙa shi bayan sati biyu, bayan wata, lokacin da 'yan jaje suka ɗauke ƙafa.

Abu ɗaya da za mu ja kunne a kai: ƙwayar barci daga kemis. Hukumar nan ta ba da shawara a 2013 cewa kada a ba mai sabon firgici magunguna irin su diazepam don wannan matsala. Tramadol da kodin da wiwi kuwa sun fi muni, suna danne abin na dare ɗaya su bar mutum da jaraba. Yaranmu nawa ne suka fara shaye-shaye bayan wani haɗari da ba wanda ya zauna da su a kansa?

Rigakafi

Tunda mun san tunani yakan tsaya a lokacin firgici, sai mu yi tunanin tun yanzu. Abin da jiki ya saba yi shi yake yi ran da kai ya ɗaure, shi ya sa soja da 'yan kwana-kwana ke maimaita atisaye.

Duk inda muka shiga, kasuwa ko ɗakin taro ko masallacin nan, mu san ƙofa biyu. Masu kwana a shago, kada a kulle daga waje, mukulli ya kasance wuri ɗaya da hannu zai kai a cikin duhu. Da an ga hayaƙi a fita, a sunkuya ƙasa, kada a koma ɗaukar kaya. In tanka ta faɗi a yi nisa da ita, kada a je kallo balle ɗibar mai. In an shiga turmutsitsi, irin wanda alhazanmu suka gani a Mina a 2015, a ɗaga hannaye a kare ƙirji, a bi jama'a ana zamewa gefe a hankali, kada a duƙa ɗaukar takalmi ko waya. A koya wa yara lambar wayar uba ko uwa da ka, a kuma sa wurin da iyali za su haɗu in an rabu, domin a daren Ikeja yara da yawa sun ɓace wa iyayensu. Lambar gaggawa 112 ce, a jihar Legas kuma akwai 767. Saƙon WhatsApp da ke cewa "an fara, kowa ya gudu", a tabbatar kafin a tura shi gaba.

Muna roƙon kowa ya karanta wa wanda bai iya karatu ba wannan darasi, a kai shi cikin gida ma mata su ji. In kuma ka san wani da ya canza tun bayan wani abu da ya same shi, yau bayan an idar da sallah ka neme shi, ku zauna ku sha shayi, ko ba a ce komai ba.

Allah Ya tsare mu da iyalanmu, Ya ba marasa lafiya sauƙi, Ya zaunar da garin nan da ƙasarmu lafiya. Sai wata Juma'ar in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.